Yadda Ake Tsayawa da Iyalin da Aka Kashe Musu Mutum

Kowace mutuwa da ɗacinta, amma gidan da aka yi jinya har Allah ya karɓi abinsa daban yake da gidan da mutum ya fita da ƙafarsa da safe, da yamma aka ce a zo a duba gawa. Masu jinya sun samu zarafin yafe wa juna, sun ji wasiyya, zuciya ta fara shiri tun kafin ranar. Su kuwa waɗanda aka kashe wa mutum ba sallama ba shiri, ga kuma wani ɗan Adam mai suna da fuska da ya aikata abin da gangan, wataƙila ma yana can yana yawonsa. Shi ya sa makokinsu ba ya rufewa da rufe kabari. 'Yan sanda za su kira, kotu za ta zauna ta ɗage, wani zai turo hoto a waya, mutane za su yi ta raɗe-raɗi, kowanne kuwa fami ne a kan miki.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai an kashe mutum kusan 458,000 da gangan, kimanin 52 ke nan a kowace awa, kuma takwas cikin goma maza ne. Sai ka tuna iyaye, matan aure da marayun da ke bayan wannan adadi. Tun ranar 29 ga Nuwamba, 1985 Babban Zauren Majalisar ya amince da wata sanarwa kan yi wa waɗanda aka zalunta adalci, wadda ta sa iyalin mutum na kusa da waɗanda yake ɗauke da nauyinsu cikin jerin waɗanda aka cuta. Ba 'yan kallo ba ne, su ma an yi musu laifi. In kai ne ɗan'uwa, aboki ko maƙwabcin da nauyin tsaya musu ya faɗo wa, ka ɗaura ɗamarar tafiya mai nisa.

Mataki na farko: kai labarin

Ka tabbatar tukuna cewa shi ne. Sannan ka yi sauri, don kada uwa ta fara ganin ɗanta a Facebook ko a wani zauren WhatsApp. Ka je da ƙafarka, kuma ku je ku biyu: ɗaya ya yi magana, ɗaya ya lura da wanda zai yanke jiki ya faɗi, ya kuma janye yara gefe. Ku nemi a zauna, sai ka faɗa a fili kuma a gajarce: "Baba, labari mara daɗi muka zo da shi. An kai wa wane hari, Allah ya yi masa rasuwa."

Na san abin da baki ya fi saurin faɗa shi ne "jikin ne ya yi tsanani, a zo asibiti." Ban ga alherin wannan dabara ba. Uwa za ta kama hanya tana addu'a tana sa rai, ta isa ta tarar da gawa, daga ranar kuma duk abin da ka gaya mata game da mutuwar nan sai ta yi shakka. Wanda ke tuƙi ne kawai za a jira ya tsaya, mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma a tabbatar akwai wani kusa da shi da maganinsa. Ka kira mamacin da sunansa, kada ka ce "gawar". Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tukuna, kada ka cike giɓi da zato.

Mataki na biyu: kwanakin farko

Kafin ta'aziyya, tambayi kanka ko akwai sauran haɗari. Makashin ya san gidan? Akwai wanda ya gani da idonsa a cikin iyalin? An yi musu barazana? In haka ne, a sanar da masu bincike, a sauya wa mutanen wurin kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita taimakon farko ga wanda masifa ta afka wa a kalmomi uku: duba, saurara, haɗa shi da abin da yake buƙata. Duba ɗin ne farko.

In a gida abin ya faru, kada a wanke, kada a share, kada a kwashe komai sai masu bincike sun gama. Zuciya na son a gusar da jinin nan take, amma shaida ake gusarwa. Haka wayar mamaci: kada a goge saƙo ko ɗaya, kada a yi ta kiran lambobin ciki ana tuhuma. Idan an ba da izinin gyara wurin, ku ne za ku yi ko ku samo masu yi. Bai kamata matarsa ko ƙanwarsa ta durƙusa tana goge jininsa ba.

Sau da yawa hukuma na riƙe gawa don likita ya bincika musabbabin mutuwa, wannan kuwa na jinkirta jana'iza, yana kuma ƙona ran iyali ƙwarai. Ka yi musu bayanin cewa rahoton likitan na daga cikin abin da ke tsayar da shari'a da ƙafafunta, sannan kai ka riƙa zirga-zirgar neman a hanzarta. Batun ganin gawa kuma, zaɓi ne na kowa shi kaɗai. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2010, ya nuna cewa waɗanda aka bar wa zaɓi suka kuma zaɓi gani, galibinsu ba su yi nadama ba ko da akwai rauni a jikin. Abin da ke taimakawa shi ne wani ya fara shiga, ya fito ya faɗa musu abin da za su tarar: inda raunin yake, abin da aka rufe, abin da za a iya gani. Wata hannunsa kawai take so ta riƙe. Kada a hana ta, kada kuma a tilasta wa wanda ya ce ba zai iya ba.

A naɗa mutum ɗaya mai sanyin kai ya zama bakin iyali, shi zai amsa waya, shi zai yi magana da 'yan jarida in iyalin sun yarda, kuma suna da ikon ƙin yarda. A zaɓi hoto ɗaya mai kyau na mamacin a bayar, don kada wanda aka ɗauka a wurin kisan ya zama shi ake tuna shi da shi. Duk wanda ka ga yana yaɗa hoton gawa, ka kira shi kai tsaye ka ce ya sauke, ka kuma kai ƙorafi ga masu dandalin.

Mataki na uku: kama baki

A nan mafi yawanmu muke ɓata rawarmu da tsalle, kuma da kyakkyawar niyya. Magana zarar bunu ce. Wanda aka kashe wa ɗa zai manta waɗanda suka cika gidan, amma ba zai manta wanda ya ce "to me ya fitar da shi da daren nan?" ba.

Tambayoyi irin su "da wa yake hulɗa?", "ba ku ja masa kunne ba?", "me ya sa bai ba su wayar ba kawai?" duk ɗora laifi ne a kan wanda aka kashe, ko an nufa ko ba a nufa ba. Ko da mamacin yana da halin da ba a so, ko da a wurin da bai dace ba aka same shi, uwarsa ɗa ta rasa. Haka nan kada ka nemi a ba ka labarin yadda aka yi don ƙoshin kunnenka. Ka tuna kai ne mutum na hamsin da ya tambaya yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan tsarin nan na zaunar da mutum jim kaɗan bayan masifa a sa shi ya zayyana duk abin da ya faru, domin ba a ga yana hana ciwon firgici ba. Amma in shi ya ɗauko labarin da kansa, ko sau ashirin ne, ka saurara kamar yau ka fara ji.

"Na san yadda kake ji" ba gaskiya ba ce sai in kai ma an kashe maka. "Ai kina da sauran 'ya'ya" kuwa wuƙa ce. Sai kuma maganar yafiya. Kada ka zo kwana biyu da kisa kana cewa "ku yafe, ku bar wa Allah." Yafiya haƙƙinsu ce, su za su ba da ita in sun ga dama a lokacin da suka ga dama, kuma neman a hukunta mai laifi ba rashin tawakkali ba ne. Haƙuri ma da muke ta ba su, a kula kada ya koma umarnin yin shiru. Hawaye ba ya warware haƙuri.

To me za a ce? Kaɗan. Addu'a ga mamaci, ambaton wani alherinsa da kai ka sani, sai "ina nan." In aka ce maka "da na hana shi fita, da yanzu yana raye," kada ka yi saurin cewa "daina faɗin haka." Bari ta gama, sannan ka ce: "Mama, da kin sani da kin hana. Ba ki sani ba. Wanda ya kashe shi shi ne ya kashe shi." Za ka maimaita wannan sau da yawa kafin ya zauna.

Kada kuma ka riƙa auna su da ma'aunin nan na matakai biyar na baƙin ciki da ake yawan ambata. Likita Elisabeth Kübler-Ross ta fitar da shi ne a 1969 daga hirarta da marasa lafiya da ke gab da mutuwa, ba tsani ba ne da masu makoki ke hawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da masu bincike biyu na ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka bayyana a 1999 ya fi kama da abin da ido ke gani: mutum na kai-komo ne tsakanin juyayi da harkar rayuwa. Yau ta yi dariya, gobe ta kasa tashi daga gado. Dariyar ba mantuwa ba ce, kwanciyar kuma ba koma-baya ba ce. Miji ya yi gum, mata na kuka, kowa na ganin ɗayan bai damu ba ko ya cika damuwa. In ka samu dama ka nuna musu ciwo ɗaya ne, fitarsa ce ta bambanta.

Ka daina cewa "in akwai abin da ake buƙata a faɗa mini." Ba za a faɗa ba. Ka ce: "Yaya, gobe da safe ni zan kai yara makaranta." Ka kuma zo.

Mataki na huɗu: 'yan sanda da kotu

Sayi littafin rubutu tun ranar farko. A ciki a rubuta lambar fayil, sunan jami'in da ke bincike da lambar wayarsa, ranar kowace ganawa da abin da aka ce, da jerin kayan mamaci da aka karɓa a matsayin shaida. Mai makoki ba ya riƙe magana, abin da aka gaya masa da safe ya ɓace kafin azahar. Kada wani daga iyalin ya je ofishin 'yan sanda shi kaɗai, kuma kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba ko ba a karanta masa ba. A nemi jami'in ya faɗi ranar da za a riƙa tuntuɓarsa, a kuma riƙa tuntuɓar cikin ladabi ba fashi, don fayil ɗin da ba mai bibiya shi ke kwana a ƙasan tebur. A Birtaniya sai da aka kashe matashi Stephen Lawrence a Landan a 1993, iyayensa suka yi shekaru suna fafutuka, rahoton binciken da tsohon alƙali Macpherson ya jagoranta kan kisan ya fito a 1999, sannan aka ƙarfafa tsarin ware jami'i na musamman da zai riƙa sanar da iyali halin da bincike ke ciki. Inda babu irin wannan tsari, kai ne za ka cike gurbin.

Akwai abubuwan da gara su ji daga bakinka tun da wuri. A yawancin ƙasashe shari'ar kisa tsakanin hukuma ce da wanda ake tuhuma, mai gabatar da ƙara lauyan gwamnati ne, ba na iyali ba. In da hali a samu lauyan da zai riƙa sa ido yana fassara musu abin da ke gudana. Kama mutum ba hukunci ba ne, ba da beli kuma ba wankewa ba ne. Za a ɗage zama ba sau ɗaya ba. Bayan hukunci ana iya ɗaukaka ƙara. Wani kisan ma har abada ba a gano wanda ya yi.

Ranar zama ka raka su. Ka gaya musu za su iya yin kiciɓis da wanda ake tuhuma ko danginsa a farfajiya, za a iya nuna hotuna, likita zai karanta raunuka dalla-dalla, lauyan da ke kare shi kuma zai iya taɓa mutuncin mamaci. Ku zauna kusa da ƙofa don mai son fita ya fita. Wanda zai ba da shaida a cikinsu, kada ku tsara masa abin da zai ce. Abin da ya gani kawai. A wasu ƙasashe ana ba iyali dama su bayyana wa kotu irin ɓarnar da kisan ya yi musu: Kotun Ƙolin Amurka ta halatta hakan a shari'ar hukuncin kisa a 1991, Ingila ta fara nata tsarin a 2001. A tambaya ko akwai makamancinsa. Kuma a hana kowa rubuta sunan wanda ake zargi a intanet, domin hakan na iya lalata shari'ar ko ya jawo a afka wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Ranar hukunci kada ka zo da shirin murna. Da yawa suna fitowa daga kotu ne jiki a sanyaye, don shekarun da suka yi suna jiran wannan rana sun ƙare, shi kuwa bai dawo ba. Makon da ke biye ya fi buƙatarka.

Mataki na biyar: fushi

Tunanin ramuwa na zuwa wa kusan kowa, har wanda bai taɓa marin mutum ba, kuma yana tsorata mai shi. A bar shi ya furta, furtawa ba aikatawa ba ce. Abin lura shi ne lokacin da magana ta koma shiri: ana tambayar inda wane yake kwana, ana taron samari a ɓoye, an nemo makami. Nan ba wurin kara ba ne. A kawar da makami daga gidan, a kira babban da suke jin nauyinsa, a ba matasan aikin da zai cinye ƙarfinsu, kamar bibiyar takardu da kula da ƙanne. Ka faɗa wa yaron gaskiya: in ya rama, mahaifiyarsa za ta wayi gari ɗa ɗaya a kabari ɗaya a kurkuku.

Mataki na shida: yara

Yaro ya riga ya san wani abu ya faru. In ba ku gaya masa ba, zai ji a bakin abokan wasa da ƙarin gishiri. Wanda ya fi shaƙuwa da shi ya gaya masa daidai hankalinsa: "Wani mutum ya ji wa Abba ciwo sosai, ya mutu, ba zai dawo ba. Ba laifinka ba ne. Muna nan tare da kai." Kada a ce ya yi tafiya, don zai zauna jira a bakin ƙofa. Kada a ce ya yi barci, don zai ji tsoron kwanciya. 'Yan ƙasa da shekara biyar ba su gane mutuwa ba ta da dawowa, za su sake tambaya gobe da jibi, a ba su amsa iri ɗaya. Fitsarin kwance, manne wa uwa, faɗa a makaranta, ko kwaikwayon kisan a cikin wasa, duk hanyoyin kukan yaro ne. A sanar da malaminsa, a riƙe lokutan barci da makaranta yadda suke. Kada a ce wa ɗan shekara goma "yanzu kai ne maigida."

Mafi wuya shi ne in makashin ɗan gida ne, kuma ba baƙon abu ba ne: cikin mata da 'yan mata kusan 81,100 da aka kashe a duniya a 2021, kimanin 45,000 mazajensu, samarinsu ko danginsu ne suka kashe su. Yaran gidan da ɗaya daga cikin iyaye ya kashe ɗayan sun rasa iyaye biyu a rana ɗaya. Kada a zagi mai laifin a gabansu, kada a ce sun yi kama da shi, kada kuma dangi biyu su mai da su igiyar ja-in-ja.

Mataki na bakwai: takardu da aljihu

A karɓi takardar shaidar mutuwa a yi kwafi da yawa, za a neme ta a banki, a wurin aikin mamaci da wajen rabon gado. A binciki haƙƙoƙinsa na aiki. Wasu ƙasashe na da asusun biyan diyya ga waɗanda aka yi wa laifin ƙarfi, New Zealand ta kafa dokarsa a 1963, Birtaniya ta fara a 1964, kuma irin wannan asusu yakan zo da wa'adin nema. In za a tara gudummawa, da izinin iyali, mutum biyu su riƙe lissafi. A yi hattara da masu zuwa da "na san wani a sama, a kawo wani abu a hanzarta shari'a." In ba don tsaro ba, a jinkirta sayar da gida ko barin aiki har hankali ya dawo.

Mataki na takwas: yaushe ake neman likita

Rashin barci, mugun mafarki, razana in ƙofa ta buga, ganin abin yana dawowa a ido, duk ana sa ransu a makonnin farko. Kada a ɗura wa mutum ƙwayar barci don a samu sauƙinsa: tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da magunguna dangin diazepam don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa. In an wuce wata guda alamun nan ba su lafa ba, har sun hana aiki ko fita, a ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, akwai jinyar tattaunawa da aka tabbatar tana aiki. Baƙin cikin da ya ƙi sassautawa har ya tsayar da rayuwa shi ma an san shi a matsayin lalura: kundin cututtuka na Hukumar da ya fara aiki a 2022 ya sa ma'auninsa daga wata shida, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma shekara guda ga manya.

Abu ɗaya ba ya jira. In ka ji "gara in bi shi," ka tambaya kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna, guba da makami, a kai shi asibiti a ranar.

Wani lokaci kuma wanda ya fi kowa iya magana da su shi ne wanda aka taɓa kashe wa. Robert da Charlotte Hullinger sun kafa ƙungiyar iyayen da aka kashe wa 'ya'ya a birnin Cincinnati na Amurka a 1978, bayan kisan 'yarsu Lisa, da ganawa a cikin gidansu suka fara. In ka san wata uwa da ta bi ta wannan hanya shekarun baya, nemi izinin kowaccensu ka haɗa su.

Mataki na tara: bayan jama'a sun watse

Makon farko gida ba masaka tsinke. Wata na uku kuwa waya ta yi shiru, mutane sun fara kauce wa matar a hanya don ba su san me za su ce ba, wasu ma kamar suna gudun kada masifar ta shafe su. Lokacin ne ainihin aikinka ya fara, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku samu mutum uku ko huɗu ku raba: wannan kotu, wannan yara, wannan ziyarar mako. Kai ma in labarin ya fara hana ka barci, ka faɗa wa wani, ka ɗan ja baya wani ya karɓa, amma ka sanar da iyalin ranar da za ka dawo.

Buɗe kalandar wayarka yanzu ka sa ranar da aka kashe shi, ranar haihuwarsa, ranakun bukukuwan da ake taruwa, da kowace ranar zaman kotu. Ka sa ta tuna maka kwana biyu kafin lokaci, don jajibirin yakan fi ranar kanta nauyi. In ka kira, kada ka yi kewaye-kewaye da gaisuwar gajiya. Ka ambaci sunansa, ka ce jibi shekara ke nan, ka tambaya ƙarfe nawa za ka zo.